Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Shugaban Hukumar Zari-Ruga ta Ingila: ku wanke sunan James Peters

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa.

Kun san James Peters, baƙar fata na farko da ya saka rigar Ingila a zari-ruga. An haife shi a Salford a 1879, ya tashi a gidan marayu a Landan, ya koyi kafinta, ya buga wa Bristol da Plymouth da yankin Devon. A watan Maris na 1906 ya fito wa Ingila a karawa da Scotland, aka ci nasara. Kwanaki kaɗan bayan haka ya sauke ƙwallo a gidan Faransa a Paris. Wasa 5 ya yi muku, tsakanin 1906 da 1908.

Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne yadda aka rabu da shi. A 1910 ya rasa yatsu 3 a wurin aikinsa na tashar jiragen ruwa. Ɗan tsakiyar da aikinsa cafe ƙwallo da rarraba ta, ga shi kafinta mai ci da hannunsa, amma ya daure ya koma fili. Sai ga dakatarwa, bisa zargin ya karɓi kuɗi. Dokar nan ta "wasa don sha'awa kawai", wadda ta hana biyan ɗan wasa kuɗi, ba ta taɓa damun ɗan masu hali ba. Lebura ta danne, wanda in ya bar aiki ranar Asabar, ladan ranar ya tafi. Dole ta sa ya koma ɗaya ɓangaren wasan, inda ake biya, ya buga wa Barrow da St Helens. A 1995 hukumar zari-ruga ta duniya da kanta ta jingine dokar. Shi kuwa ya rasu tun 1954.

Kullum kuna cewa wasan nan na kowa ne. To, ku fito da sanarwa a rubuce cewa an zalunce shi, ku kafa ta a gidan tarihinku na Twickenham. Don Allah, wannan bai fi ƙarfin zama ɗaya na majalisarku ba.

Ku kuma buɗe takardun zaɓen 'yan wasa na Disamban 1906, mu ga dalilin ajiye shi a wasan Afirka ta Kudu. Sai a 1988 wani baƙar fata, Chris Oti mai tushe a Najeriya, ya sake saka rigar. Wannan ma yana son bayani.

Naku,
Masu bibiyar tarihin zari-ruga