A riƙa faɗa mana zuwan hazo tun kafin mu bar tasha

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ni direba ne, na daɗe ina jigilar fasinja tsakanin Damagaram da Tanut. Ina roƙon ɗan fili in faɗi abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya duk hunturu.

A Janairun bara na bar tasha bayan sallar asuba, gari garau. Ba mu kai Bakin Birji ba hazo ya rufe mu ruf. Rana ta dushe, ta zama kamar farin faranti, ƙura har cikin haƙora, rairayi na tsallaka kwalta kamar ruwan gudu. Fitilu a kunne suke, amma ban ga amalanken shanu ba sai da na kusa taɓa shi. Wata gyatuma a bayana sai salati take. Allah ne ya kiyaye. Awa uku muka yi a gefen hanya.

Da dare na ba ƙanena labari, shi yana tuƙin tasi a Amurka. Ya ce su can kafin dusar ƙanƙara ta sauka, da kwana biyu ko uku an sanar da su yawanta da ƙarfin iska, har a ce wanda ba dole ba ya zauna gida. Maganar ta tsaya mini a rai.

Ai hazon nan ba daga sama yake faɗowa ba. Mafi yawansa daga kwarin Bodele yake tasowa, a arewacin Cadi, inda iska ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Enedi ta kwashi busasshiyar ƙasar tsohon tafki. Tauraron ɗan adam na ganin tashinsa, kuma sai ya yi tafiya kafin ya iso mu. Masana ma muna da su: a Yamai cibiyar nazarin yanayi ta Afirka, ACMAD, take, haka AGRHYMET mai nazarin yanayi da ruwa da noma, da aka kafa tun 1974.

Da damina kowa na jin hasashen ruwa saboda manoma, kuma madalla da haka. To mu ƴan hanya fa? Roƙona, daga Nuwamba zuwa Maris gidajen rediyonmu su riƙa karanta hasashen hazo da iska cikin Hausa, da dare da kuma asuba, a ambaci hanyar Tanut, ta Gure da ta Maradi da sunansu. A tura wa shugabannin tasha saƙon murya ta WhatsApp, domin yawancinmu ba mu karanta Faransanci. In na ji tun dare, wallahi zan jinkirta lodi har gari ya washe.

Naku,
Wani direba, unguwar Birni, Damagaram