Gigin tsufa ciwo ne na ƙwaƙwalwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A nan Damagaram, in tsohuwa ta fara ɓacewa a hanyar gidanta ko ta kasa gane jikokinta, sai a ce aljanu ne, wani lokaci ma a jefe ta da maita. Muna roƙon fili mu yi bayani kan gigin tsufa, wato ciwon mantuwa.

Sau da yawa furotin ne ke taruwa a ƙwaƙwalwa. A cutar Alzheimer, wadda ke haddasa kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na ciwon mantuwa, wani furotin mai suna amiloyid na daskarewa tsakanin ƙwayoyin jijiya, wani kuma mai suna tau yana cukurkuɗewa a cikinsu har su mutu. Taruwar kan fara shekara 15 zuwa 20 kafin alama ta fito. Sashen ajiye sabon abu ke fara lalacewa, shi ya sa Baba ke tuna yunwar 1984 amma ya manta ya ci tuwo ɗazu.

Akwai kuma wani nau'in ciwon mantuwa mai suna Lewy, alamunsa su ne: ganin mutanen da babu su, sanƙarewar jiki, yawan faɗuwa. Mai irin wannan, maganin taɓin hankali mai suna haloperidol na iya yi masa mummunar illa, kada a saya masa a kasuwa.

Rikicewar da ta zo cikin kwana ɗaya ko biyu kuwa daban ce. A garzaya asibiti a duba zazzaɓin cizon sauro, ciwon fitsari, faɗuwar sukari da ƙarancin ruwa, musamman da bazara. A riƙa auna hawan jini. In yana kai 140/90, a ga likita. Kada a ɗaure tsoho. A saka masa takarda mai lambar wayar ɗansa a aljihu.

Wasu ma'aikatan lafiya,
Damagaram