Masanan fiziks na Biyetnam: alli, allo da kwamfuta

Edita,

Assalamu alaikum. A ba mu ɗan fili mu yi magana a kan Biyetnam, ƙasar da sunanta ba ya fitowa a jaridunmu sai ana tuna yaƙinta da Amurka ko ana zancen shinkafa. A fagen fiziks na nazari da na kwamfuta tana da aikin da ya kamata ɗalibanmu su sani, da kyansa da kuma inda yake da rauni.

An kafa Cibiyar Fiziks ta Hanoi a 1969, ana tsakiyar yaƙi, ƙarƙashin Nguyen Van Hieu, wanda ya yi aiki a cibiyar nukiliya ta Dubna a Tarayyar Sobiyet, daga baya ya samu lambar yabo ta Lenin a 1986. Ƙasar da ba ta da kuɗin gina manyan injinan gwaji, dole ta fara da abin da alli da allo za su iya.

A shekarar ta 1969 aka haifi Dam Thanh Son a Hanoi. Yana ɗan shekara 15 ya cinye maki 42 cikin 42 a gasar lissafi ta duniya ta 1984, ya yi digirin digirgir a Mosko a 1995, kuma tun 2012 yana koyarwa a Jami'ar Chicago. Aikin da ya fi fito da shi a kan kaurin ruwa ne, abin da ke sa zuma ta zuba a hankali, ruwan sha kuwa ya kwarara. A 2005 shi da Pavel Kovtun da Andrei Starinets suka ce in aka raba kaurin kowane abu mai gudana da yawan entirofinsa, wato ma'aunin hargitsin ƙwayoyinsa, amsar ba za ta gaza 1 bisa 4π ba, kusan 0.08 a ma'aunin Planck da Boltzmann. Ba ruwa suka auna ba. Lissafin baƙin rami suka yi a sarari mai fuska biyar, ta hanyar daidaiton da Juan Maldacena ya gano a 1997 tsakanin lissafin irin wannan rami da na ƙwayoyin zarra, suka mayar da amsar zuwa ga ruwa. Ruwan sha ya ninka wannan iyaka kusan sau 380, narkakken iskar hiliyam kusan sau 9. Abin da ya fi kusantar ta shi ne narkakkun ƙwayoyin kwak da guluwon, wato ƙananan ƙwayoyin da ke cikin cibiyar zarra, da aka samu da aka gwabza cibiyoyin zarrar zinare a injin RHIC na Brookhaven a Amurka. A lura, hasashe ne, ba doka ba: a 2008 an samu wasu lissafai da suka sauka ƙasa da iyakar kaɗan, amma ɗakin gwaji bai nuna ruwan da ya karya ta ba. A 2018 cibiyar fiziks ta ICTP da ke Trieste a Italiya ta ba shi lambar Dirac tare da Subir Sachdev da Xiao-Gang Wen.

To amma Son a waje yake. A gida, tun da asusun NAFOSTED na tallafa wa binciken kimiyya a ƙasar ya fara aiki a 2008 yana ɗaure tallafi da buga maƙala a mujallun duniya, matasa da yawa sun koma lissafin kwamfuta a kan kayan da kaurinsu bai wuce zarra ɗaya zuwa uku ba. Maƙalun sun yi yawa ainun, kuma a ganinmu ba duka ne suka ci sunansu ba. Tunda ɗalibanmu ma da manhajar Quantum ESPRESSO suke aiki, wadda ake irin wannan lissafi da ita kuma kyauta ce, ga inda ake gane aikin ƙwarai.

Ɗauki faifan MoS2 guda, zarrar molibdenam ɗaya da ta sulfa biyu a kowane ɗaki, wato ƙaramin gurbin da ke maimaituwa a cikin faifan. Manhajar tana maimaita ɗakin ta kowane ɓangare, don haka sai an bar fili wayam na angstrom 15 zuwa 20 (ma'aunin tsawo ne a duniyar zarra) a samansa, in ba haka ba faifan zai riƙa jin kwafinsa, amsar ta gurɓace. Sai iyakar makamashi, wadda ke ƙayyade zurfin lissafin: a fara daga 30 a ma'aunin Rydberg, a riƙa ƙara 5, har jimillar makamashi ta daina sauyawa fiye da meV 1, wato kashi ɗaya cikin dubu na ma'aunin makamashi eV, a kowace zarra. Ragar maki k kuwa, wato jerin makin da manhajar ke lissafa yanayin ilektron a kansu, 12 sau 12 sau 1 ta wadatar a farko, amma lambar ta zama mai rabuwa da 3, domin ragar ta faɗo kan makin K, inda giɓin makamashin wannan faifai yake, wato tazarar da ilektron ke tsallakewa kafin lantarki ya gudana. Mai amfani da 10 sau 10 zai tsallake shi bai sani ba. Daga nan a saki zarra su zauna har ƙarfin da ke kan kowace ya gaza eV 0.01 a kowane angstrom.

Ko an yi wannan duka, tsarin lissafi na PBE da aka fi amfani da shi yana rage giɓin. Na silikon eV 1.17 ne a tsananin sanyi, PBE kan ba da kusan 0.6. Tsarin HSE06 na gyara wannan, sai dai yana cin lokacin kwamfuta ninkin ba ninki. In an ɗora faifai biyu kan juna, PBE ba ya ganin raunin jan da ke riƙe su, sai an ƙara gyaran D3 na Grimme, ko tazararsu ta fito ba daidai ba.

Babban gwajin shi ne na girgizar zarra. In mitar girgiza ta fito ƙasa da sifili a faɗin taswirar girgizar da manhajar ke zanawa, kayan ba zai tsaya ba, ko da an zana shi da kyau a maƙala. Ɗan lotsawa kusa da makin gamma, wato tsakiyar ragar, kuwa sau da yawa kuskuren raga ne, a ƙara ta a sake.

Ga mai son jin waɗannan muhawarori daga bakin masu yin su, cibiyar ICISE da masanin fiziks Tran Thanh Van ya buɗe a birnin Quy Nhon na Biyetnam a 2013 tana shirya taruka da makarantun ɗalibai duk shekara.

Roƙonmu ga wakilanku, Edita: in aka kawo labarin an gano sabon kayan haɗa batir ko faifan sola a kwamfuta, daga Hanoi ne ko daga Zariya, su tambaya ko an yi gwajin girgiza, da wane tsari aka lissafa giɓin, kuma ko wani ya taɓa haɗa kayan a ɗakin gwaji.

Wassalam,
Wasu malaman fiziks, Kano