Wa ke da ikon cewa waƙar coci ta kauce hanya?

Malam Edita, assalamu alaikum, ya aiki ya jama'a.

Ni Bahaushe ne haifaffen Sudan, kakanninmu hanyar Makka ta kawo su suka yada zango a Mai Wurno, ni kuma Khartoum na yi rayuwata har yaƙin 2023 ya koro mu Bur Sudan. Abinda yasa na rubuto shine wani saƙo dake ta yawo a gurup ɗin danginmu na WhatsApp, wai Paparoma ya haramta waƙoƙin coci yace duk ɓata ne, wani ƙanena har da ƙara "ai dama mun faɗa". Ni dai ba Kirista bane amma tun daga jin zancen nasan an sa masa gishiri.

Maƙwabcina a nan mutumin duwatsun Nuba ne, ɗan Katolika, tsohon malamin makaranta, shima gudun yaƙin yayo. Muna shan jabana, wato gahawar Sudan, wajen mai shayi na miƙa masa wayar, ya karanta yayi dariya yace Hajji, wannan ba Paparoma bane. Bishop ɗaya ne a Amurka, Shawn McKnight wanda a lokacin yake riƙe da Jefferson City a jihar Missouri, shine a watan Oktoban 2024 ya fitar da doka ya hana rera waƙoƙi 12 a majami'un dake ƙarƙashinsa saboda yana ganin kalmominsu basu dace da aƙida ba, kuma ko wata ba'ayi ba mutane suka yi ca, ya janye yace sai an zauna an ji ta bakin jama'a tukuna. Dama can tun 2020 kwamitin aƙida na bishop bishop ɗin Amurka ya rubuta takardar yadda ake tace baitoci, babban abinda ya dame su shine waƙoƙin dake maganar gurasa da ruwan inabi na Misa, wato babbar ibadarsu a coci, kamar alama ce kawai, alhali su a imaninsu jikin Almasihu ne da jininsa.

Nace to Ustaz (haka muke kiran malamin makaranta a nan), kenan wanda ya rubuta irin wannan waƙa ya fita daga addininku? Nan ya ajiye finjali. Yace kalmar da suke cewa hartaƙa da Larabci ba a wasa da ita, tana da ma'ana a rubuce cikin kundin dokokin cocin na 1983, doka ta 751: sai wanda akayi wa baftisma ya musanta ko yayi shakkar abinda ya wajaba a gaskata, kuma ya kafe akai. Wannan kafewar itace maganar. Mawaƙi zai iya zamewa a baiti don neman ƙafiya ta zauna, a cire waƙar daga littafi, shi kuma yana nan ɗan coci. Mai ikon cirewar bishop ne a yankinsa, ba shugaban mawaƙa ba, ba mai shafi a Facebook ba, in abu ya girma sai ya tafi ofishin kula da aƙida a Rum, wanda Paparoma Paul na 3 ya kafa a 1542, kuma shi Ustaz da bakinsa yace tarihin ofishin nan akwai jini a ciki, bai ɓoye ba.

Abinda yafi tsaya min a rai shine dalilin da yasa suke tsoron waƙa haka. Ashe a Iskandariya, nan maƙwabtanmu Masar, anyi wani limamin coci Ariyus da ya koyar da cewa Almasihu halitta ne yana da farko, sai ya zuba koyarwar cikin waƙa, matuƙan jirgin ruwa da masu niƙa da matafiya suka ɗauka suna rerawa, rigima tayi rigima har sai da sarkin Rum Kustantin ya tara bishop bishop a garin Nikiya a shekarar 325 suka yanke masa hukunci. Huɗuba ana mantawa kafin a kai gida, amma baiti tsohuwa na tankaɗe tana yinsa jikoki na ɗauka, wannan kowane Bahaushe da ya tashi da Ishiriniya a kunne ya sani.

Kuma wallahi ina jinsa ina tuna namu. Sau nawa muka raba hali akan madihu da bandiri, wani yace wannan baitin ya wuce gona da iri wani yace kai ne baka san yabo ba, kafin kace kwabo an jefi mutum da kalmar da bata dawowa. A ƙasar nan mun ga inda take kaiwa, a Janairun 1985 aka rataye malamin nan Mahmud Muhammad Taha a kurkukun Kobar da sunan ridda zamanin shugaba Numairi, sai 2020 aka cire hukuncin daga doka. Bance tsarin Katolika ya fi ba, bishop ɗin ma kaga sai da ya lashe amansa, amma dai da akayi kuskure ansan ƙofar da za'a buga.

Roƙona Malam Edita, in zaku ɗauko irin wannan labari ku riƙa faɗin wane bishop ne, a wane gari, waƙa nawa, dan Allah kar a riƙa ɗora wa Paparoma komai. Na tura bayanin nan gurup ɗinmu, ƙanen nawa ya karanta bai ce uffan ba, sai hoton farashin gawayi da ya turo.

Naku,
wani mai karatu daga Bur Sudan