Godiya ga Sashen Lafiyar Ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano

Assalamu alaikum.

Na rubuto ne a madadin gidanmu, kan abin da kuka yi wa mahaifiyarmu.

Hajiya tana shan maganin hawan jini mai sa yawan fitsari, sai amai da gudawa suka kwantar da ita. A wani ƙaramin asibitin kuɗi aka auna gishirin jininta, wato sodiyam, aka samu 108, alhali na mai lafiya tsakanin 135 ne da 145. Aka ɗaura mata ruwan gishiri, kafin gari ya waye ya kai 130. Ta farfaɗo, har sadaka muka yi.

Kwana huɗu tsakani, Hajiya ta sauya. Ta yi dariya ba dalili, ta ɓarke da kuka, sai kuma ta ƙura wa bango ido, ko sunanta ba ta amsawa. Harshe ya yi nauyi, haɗiya ta gagara. Gwaggo ta ce iska ce, a kira mai ruƙiya. Wasu suka ce a wuce da ita asibitin masu taɓin hankali na Dawanau kawai. Ni kaina, ban ɓoye ba, na fara yarda da Gwaggo.

Likitanku bai yi gaggawar rubuta maganin taɓin hankali ba. Takardun gwajin ya nema, ya jera lambobin nan biyu, 108 da 130, ya ce, “Malam, duba nan.” Ya bayyana mana cewa ƙwaƙwalwar da ta saba da ƙarancin gishiri, idan aka ɗaga shi farat ɗaya, ruwa ne ke zuƙewa daga cikinta, rigar jijiyoyi ta saluɓe kamar robar wayar lantarki. Shi ya sa ba a son ƙarin ya wuce 8 zuwa 10 a awa 24.

Hoton ƙwaƙwalwa na MRI na farko bai nuna komai ba. Ya ce a maimaita bayan mako biyu, ciwon kan yi jinkirin fitowa a hoto. Haka kuwa aka yi, ga tabon a gindin ƙwaƙwalwa.

Nas-nas ɗinku sun ciyar da ita ta robar hanci, suna kiran ta Mama ko da ba ta amsa ba. Kuka kuma haɗa mu da masu gashin ƙashi.

Yau wata biyar ke nan. Tana dogara sanda, maganar ba ta gama sakewa ba, amma jiya ta yi wa jikarta faɗa kan miyar da ba ta ji daddawa ba.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya ji ƙan mahaifa.

Naku,
Babban ɗanta, daga Kano