Buntun Shinkafar Shangshan Ya Cancanci Fili a Jaridarmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon a ba ni ɗan fili in yi tsokaci a kan shinkafa, domin na lura duk lokacin da aka ambace ta a jaridu, maganar ba ta wuce farashin buhu da rufe iyaka da fasa-ƙwauri, alhali tana da tarihin da ya kamata manomi da mai ci su sani.

A shekarar 2000, masu binciken kayan tarihi ƙarƙashin jagorancin Jiang Leping suka gano wani tsohon mazauni mai suna Shangshan a gundumar Pujiang ta lardin Zhejiang, a kudancin kogin Yangtze na ƙasar Sin. Gwaji ya nuna mutane sun zauna a wurin kimanin shekara 10,000 da suka wuce, tun ana aiki da dutse ba a san ƙarfe ba. An tono duwatsun niƙa da manyan kasake masu faɗin baki. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, da aka duba ɓallin kasaken nan sai aka tarar maginan sun cuɗa yumɓu da buntun shinkafa kafin su gasa. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da magini yana kwaɓa ƙasa da ƙaiƙayi don kada gini ya tsage, ya san wannan dabarar. Kuma ba a tara buntu mai yawa haka sai inda ake sussukar shinkafa kullum.

Sai dai kada a ɗauka dare ɗaya aka koyi noman. Shinkafar daji da zarar ta nuna sai ta kakkaɓe ƙwayarta ƙasa, don haka mai girbi ya fi samun zangarniyar da ta riƙe 'ya'yanta, ita ce kuma yake ajiyewa iri. A Tianluoshan, wani tsohon mazaunin da shi ma yake a Zhejiang, an ƙirga gindin ƙwayoyin da aka tono, aka ga wadda ba ta zubewa ta tashi daga kashi 27 zuwa kashi 39 cikin ɗari a tsawon shekara 300 kacal, tsakanin shekara 6,900 da 6,600 da suka wuce. Ke nan dubban shekaru bayan Shangshan aikin bai kammala ba. Ni da na tashi ina ganin mahaifina yana ware zangarniyar iri a fadama kafin a kai sauran masussuka, wannan lissafin ya sa na ƙara ganin girman abin da hannunsa ke yi.

Labarin ya shafe mu ta wata fuska kuma, domin Afirka ta Yamma tana da tata shinkafar daban, wadda magabata suka hore a yankin kogin Kwara kimanin shekara 3,000 da suka wuce, tun kafin irin Asiya ya iso, kuma yanzu ya kusa shafe ta a gonaki.

Ina roƙon jaridarku ta nemi malaman tarihi da na aikin gona a jami'o'inmu su rubuto mana bayanin Shangshan da na tamu shinkafar cikin Hausa, ko da sau ɗaya a wata ne, har da hotunan kasaken.

Wassalam,
Mai karanta ku daga Argungu