Ba labarin barade kaɗai ke cikin tsohon adabin Ingila ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rubutun da ya fito a shafinku na adabi kan tsofaffin littattafan Ingila, inda marubucin ya tsaya kan Sarki Arthur da baradensa, da cika alkawari da kare mutunci. Ya yi ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Sai dai abin da ya bari ya fi wanda ya ɗauko nauyi.

Ko labarin Gawain, ɗaya daga cikin baraden, da ya kawo bai kai shi ƙarshe ba. Gawain ya ɓoye koriyar ɗamarar da matar mai masaukinsa ta ba shi don ya tsira da ransa, alhali ya yi alkawarin miƙa wa mijin duk abin da ya samu. Da asiri ya tonu kunya ta rufe shi, amma da ya koma fada sai aka yi dariya, kowa ya ɗaura irinta. Abin da shi ya ɗauka tabo, manya suka mai da shi ado.

Na yi shekaru ina koyar da adabi a sakandare, kuma mutumin da ya fi tsaya mini a rai yana cikin Hikayoyin Canterbury na Geoffrey Chaucer, wanda ya rasu a 1400. Ayari ne ya kama hanyar ziyarar kabarin Thomas Becket, waliyyin Kirista a garin Canterbury, kowa na ba da labari. A cikinsu akwai mai sayar da takardun gafarar zunubi. Yana yawo da rigar matashin kai yana cewa mayafin Nana Maryam ne, da ƙasusuwan alade a kwalba a matsayin na waliyyai. A yini guda yakan tara abin da limamin cocin ƙauye ba ya samu a wata biyu. Da bakinsa yake gaya wa abokan tafiya cewa wa'azinsa kullum ɗaya ne, kwaɗayi tushen sharri, kuma kwaɗayin ne ke sa shi yin wa'azin. Zai karɓi kuɗin uwar marayu ko da yunwa za ta kashe 'ya'yanta.

Sannan ya ba da labarin samari uku da suka fita neman Mutuwa su kashe ta, suka tarar da tarin zinariya a gindin bishiya. Ƙaramin ya tafi gari ya zuba guba a abin sha, ya dawo biyun suka soke shi, suka zauna suka sha gubar. Ranar da na karanta wa 'yan aji wannan, wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce ta taɓa jin irinsa a wa'azi. Gaskiyarta, labarin ya daɗe yana yawo a duniya. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne, yana rufe baki sai ya buɗe jaka, ya ce ayarin su zo su biya su sumbaci kayansa.

A cikin ayarin ga kuma shugabar mata masu zuhudu da ke kuka in ta ga ɓera a tarko, tana ciyar da karnukanta gasasshen nama da madara da farin burodi. Mutuncin gaske Chaucer ya ajiye shi wurin talakan limamin nan mai bin gidajen jama'a a ƙafa da sandarsa, da ɗan'uwansa manomi mai kwasar taki.

Waɗannan ba su rasa nasaba da halin da ƙasar ke ciki. Bayan annobar 1348 ma'aikata sun yi ƙaranci, sai aka yi doka a 1351 da ta hana ladan ƙwadago tashi. Harajin kai da yake kwabo 4 a 1377 ya kai sule guda, wato kwabo 12, mai kuɗi da matalauci. A 1381 talakawa suka yi tawaye suka shiga Landan ƙarƙashin Wat Tyler, malaminsu John Ball yana tambaya: lokacin da Adamu ke noma, Hauwa'u na kaɗi, wa ke da sarauta? Sarki Richard na Biyu, yaro ɗan shekara 14, ya yi musu alkawarin 'yanci, aka kashe Tyler, aka rataye Ball, aka janye alkawarin. To ina cika alkawarin da ake yabon manya da shi?

Shi kansa Chaucer ban wanke shi ba. Ma'aikacin sarki ne, mai kula da harajin ulu a tashar jiragen ruwan Landan, kuma alƙalaminsa da ya yi kaifi kan malaman coci ya kusa yin shiru kan wannan tawaye. William Langland, wani marubucin waƙa na zamaninsa, ya fi shi kusa da talaka, har wasiƙun Ball sun ambaci sunan Piers, manomin da ke cikin waƙarsa.

Ina roƙon ku ba Langland fili a shafin nan, ku kuma fassara wa masu karatu labarin mai takardun gafara tun daga gabatarwarsa.

Na gode. Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Naku,
Wani tsohon malamin makaranta, Zariya